Gida bai ƙoshi ba an kai wa dawa? Bayani kan tallafin baƙi da na 'yan gari a Agadas

 Akwai wata magana da ta ƙi ƙarewa a shirinmu na kiran waya. Duk ranar da muka taɓo zancen baƙi, sai wani ya kira ya ce gida bai ƙoshi ba an kai wa dawa. Ga fararen motocin ƙungiyoyi suna kai da komo, ana dafa wa baƙo abinci, ana ba shi magani kyauta, har jirgi ake sa shi, alhali ɗan gari a Dagmanet ko Tudu yana bin layin famfo da jarka tun asuba. Minti biyu na waya ba sa isa a warware wannan zance, shi ya sa muka ga gara mu zauna mu rubuta shi a tsanake.

Abu na farko da muke so a riƙe shi ne, tallafin nan tukwane ne daban-daban. Kowace tukunya da mai ita, kowace da sharaɗinta. Wanda ya leƙa daga nesa zai ɗauka cokali ɗaya ne ke rabo, ana zuba wa wannan ana tsallake wancan. In aka matso kusa, sai a ga abin ba haka yake tafiya ba.

Kalmar "baƙo" ma kanta tana ruɗa mu, don mutane iri-iri muke cusawa a cikinta. Akwai matafiyi da ya sauka a tasha yana jiran motar Dirku, shi wannan da kuɗinsa yake ci, da kuɗinsa yake kwana, ba ya cikin lissafin kowa. Akwai magini ko tela ko mai gyaran waya daga Najeriya, Togo ko Benin da ya shekara goma a Sabon Gari yana biyan haya da haraji, shi ma babu wanda ke ba shi ko ƙwaya. Waɗanda maganar tallafi ta shafa kashi biyu ne kawai: waɗanda aka koro ko hanya ta ƙare musu, da kuma masu neman mafaka saboda yaƙi.

Mu fara da na farko. Shekara da shekaru ke nan Aljeriya na kwaso baƙin Afirka ta Yamma tana sauke su a wani fili da ake kira Point Zéro, kimanin kilomita 15 daga Asamaka. Daga nan da ƙafa suke takowa cikin rairayi, da mata da yara da marasa lafiya. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara, wadda ke bin diddigin wannan kora, ta ƙirga mutum sama da 30,000 a shekarar 2024 kaɗai, har da 'yan Nijar a ciki. Duk wanda ya san Asamaka ya san ƙaramin gari ne, ruwansa ma da ƙyar yake isar mutanensa.

Hukumar OIM, ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ke da cibiyoyin saukar irin waɗannan mutane a Asamaka, Arlit, Dirku da nan Agadas. A ciki ana ba da wurin kwana, abinci da magani. To amma ga sharaɗin da yawancinmu ba mu sani ba: tsarin nan an gina shi ne a kan komawa gida. Ɗan Gine ko ɗan Mali da ya shiga, ya amince ke nan za a mai da shi ƙasarsa. Wanda ya ce shi ba ya komawa, wataƙila don ya ci bashin kuɗin tafiya kuma ba shi da fuskar da zai kalli iyayensa, to ƙofar ba tasa ba ce. Su ne kuke gani a bakin kasuwa suna dako, ko suna kwana a kangaye. Wanda ya amince kuma sai ya jira ofishin jakadancin ƙasarsa ya ba da takardar tafiya, a samu jirgi ko mota. Jiran nan kan ɗauki watanni. Kuɗin kuwa mafi yawansu daga ƙasashen Turai suke fitowa, kuma ba a ɓoye dalili ba: sun fi son mutum ya koma Konakiri da ya tsallaka teku ya iso musu. Kuɗin da aka ware don wannan manufa, ko da an rufe cibiyar gobe, ba za su juya su zama buhun hatsi a Tabelot ba. Komawa za su yi inda suka fito.

Sai masu neman mafaka. Tun ƙarshen 2017 'yan Sudan, yawancinsu mutanen Darfur, suka fara gangarowa daga Libiya suna shigowa Agadas. Da farko a cikin gari aka ajiye su, aka yi ta samun ƙorafi tsakaninsu da makwabta, sai a 2018 aka buɗe musu sansani a bayan gari, tafiyar kamar kilomita 15, ƙarƙashin kulawar hukumar HCR da gwamnati. Dokar Nijar ta 1997 kan 'yan gudun hijira ita ke aiki a kansu, kuma wani kwamiti na ƙasa ne ke duba takardun kowa ya ce an karɓe shi ko ba a karɓe shi ba. Wanda aka karɓa, yana da damar sa ɗansa lakkwal da zuwa likita kamar ɗan ƙasa. Kamar ɗan ƙasa fa muka ce, wato layin da kuke bi shi ma shi zai bi.

A nan ne ake yi wa rogo kallon kitse. Mutumin da ke cikin sansanin nan ba shi da gona, ba shi da garke, ba shi da dangin da zai je ya ranci tiya biyu ta gero. Burin da yawansu shi ne a kai su wata ƙasa ta uku, Kanada ko Turai, alhali a duniya baki ɗaya waɗanda ke samun wannan dama a shekara ba su kai ɗaya cikin ɗari na 'yan gudun hijira ba. Akwai yaran da aka haifa a sansanin, yau sun isa shiga lakkwal, ba su san ko'ina ba sai wannan fili. Mun tuna abin da ya faru a ƙarshen 2019, lokacin da ɗaruruwansu suka yi zaman dirshan a ƙofar ofishin HCR, jami'an tsaro suka mai da su da ƙarfi ranar 4 ga Janairun 2020, sansanin ya ƙone, aka kama mutum sama da 300. Wutar nan ta ɓata wa mutanen gari rai ƙwarai, mu ma ba mu ga hujjar ƙona abin da aka gina da kuɗi masu yawa ba. Amma wanda ke cikin daɗi ba ya kwana a titi cikin sanyin Disamba na Agadas. Daga Satumbar 2024 sun sake shiga zanga-zangar lumana a cikin sansanin, sannan a 2025, da manyan masu ba da kuɗi irin su Amurka suka janye hannu, aka taƙaita tallafin abinci ga waɗanda aka ga sun fi rauni kawai.

To shi ɗan ƙasa fa, mene ne nasa?

Nan ne maganar ta fi zafi, don gaskiya tukunyarsa ƙarama ce. A Nijar babu wani kuɗi da gwamnati ke biyan mutum don ba shi da aiki. Asusun CNSS yana biyan kuɗin iyali, na haɗarin aiki da na ritaya, amma ga mai aikin albashi ne da aka yi wa rajista ana cire masa kaso duk wata. Ba ya tambayar ƙabila ko ƙasa, albashi yake tambaya. Mai garkar albasa a Tabelot, mai lemu a Timiya, makiyayi a Ingal, mai haƙar zinariya a daji, duk ba su ciki, kuma su ne mafi yawanmu.

Akwai shirin tallafin kuɗi ga gidaje masu ƙaramin ƙarfi da Bankin Duniya ya ɗauki nauyi tun 2011. Da jika 10 a wata aka fara, na tsawon wata 24, kuma a zagayen farko jahohi biyar ne aka zaɓa: Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Damagaram. Agadas ba ta ciki. Daga baya, da shirin Wadata Talaka, aka faɗaɗa. Ko a inda ya isa, ba kowane gari ba ne, kuma ba kowane gida ba ne a cikin garin, sai wanda bincike ya zaɓa. Sai hatsin OPVN da ake sayarwa da rahusa in bazara ta matso, da rabon kyauta ga waɗanda suka fi shiga wuya. Kowa ya san yadda layin yake, kowa ya san ba ya isa.

A fannin lafiya, tun 2006 aka ce duba yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, haka tiyatar haihuwa. A watan Agustan 2024 kuma hukumomi suka rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi, suka mai da haihuwa kyauta. Wannan ci gaba ne, ba mu raina ba. Matsalar da aka daɗe ana fama da ita ita ce, likita na duba yaro kyauta, gwamnati ce za ta biya daga baya, in biyan ya yi jinkiri sai magani ya ƙare a kanta, a rubuta wa uwa takarda ta je ta saya. Uwar da ta fito da takardar magani a hannu, ba ta da ko dala, ta ga motar ƙungiya ta wuce da baƙo zuwa asibiti, me kuke so ta ce? Fushinta na da dalili. Sai dai maganin da ya ƙare mata, ba baƙon nan ne ya shanye shi ba.

Inda baƙi ke taɓa ɗan gari kai tsaye, mu faɗi gaskiya, akwai shi. Ruwa ne, da gadon asibiti, da shara, da kuɗin haya. Ƙidayar 2012 ta ba garin Agadas mutum wajen 118,000, kuma kowa na gani da idonsa yadda unguwanni suka miƙe tun daga lokacin. Famfon da aka yi don gida goma, in gida talatin suka dogara da shi, kowa zai ji a jikinsa. An yi wasu ayyuka domin wannan, irin na shirin ProGEM na Jamusawa da ya gina azuzuwa da wuraren ruwa da na lafiya a ƙananan hukumomin da ke kan hanya. Wasu ƙungiyoyin likitoci kuma, kamar MSF a Asamaka, suna duba ɗan gari da baƙo ba bambanci. Sun taimaka, amma ba su kamo girman buƙatar ba.

Mu a ganinmu, asalin ciwon da ke cin mutanen Agadas ya girmi sansanin 'yan Sudan. Ku tuna yadda garin nan ya rayu. Da masu yawon buɗe ido ne, sai tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 suka kore su. Direbobin da suka san Tenere kamar tafin hannunsu suka koma jigilar matafiya zuwa Libiya, a fili, ayari na tashi duk Litinin da rakiyar soja. Mai gidan haya na ci, mai sai da jarka na ci, mai gasa nama na ci, mai canjin kuɗi na ci. Sai ga doka mai lamba 2015-36 ta ranar 26 ga Mayun 2015, wadda aka fara aiki da ita gadan-gadan a 2016, bayan taron Turai da Afirka a Baleta ta ƙasar Malta. Sana'ar jiya ta zama laifin yau. Aka kama direbobi, aka tsare motoci. A 2017 aka rufe wurin zinariyar Jado, a ƙarshen Maris na 2021 kamfanin Cominak ya rufe a Akokan. Ƙofofi suka yi ta rufuwa ɗaya bayan ɗaya.

A madadin haka aka yi alƙawari. Shirin PAIERA, da kuɗin Tarayyar Turai ta hannun hukumar HACP, ya ce duk wanda ya bar jigilar baƙi za a ba shi jari na kimanin sefa miliyan ɗaya da rabi ya kama wata sana'a. Dubban mutane suka rubuta suna. 'Yan ɗaruruwa ne suka samu a zagayen farko. Ko wanda ya samu, ku auna miliyan ɗaya da rabi da abin da mota ɗaya ke kawowa a tafiya guda a wancan zamani. Ranar 25 ga Nuwamban 2023 Janar Abdurahaman Tiani ya soke dokar, aka wanke waɗanda aka ɗaure a kanta, motoci suka koma hanya. Amma shekarun nan bakwai sun bar tabo. Mutumin da ya ga an cika wa baƙo alƙawarin jirgi, shi ba a cika masa na jari ba, kuma aljihu ɗaya ne ya yi alƙawuran biyu, dole ya ji haushi. Tambayar da muke yi kawai ita ce, wa ya kamata ya kai wa ƙara, mai aljihun ko yaron da ke jiran jirgi?

Wani daga cikin 'yan uwanmu na Turai ya ja hankalinmu cewa wannan gardama ba tamu ba ce mu kaɗai, har a ƙasashen da ke da kuɗi ana yin ta. Mu ɗauki ƙasar Ayalan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila. Mutanenta sun san hijira fiye da kowa, don a yunwar shekarun 1840 kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu fiye da miliyan suka bar ƙasar. Yau su ake zuwa wa. A can gwamnati na biyan marar aiki kuɗi duk mako, Yuro 244 a 2025, wato wajen jika 160 namu. Jin haka sai mutum ya ce ai da ya sauka ya warke. Ina! Tun watan Mayun 2004 suka kafa sharaɗi cewa kafin ka karɓi irin wannan tallafi sai ka nuna nan ne mazauninka na dindindin: tsawon zamanka, aikinka, inda iyalinka suke. Mai neman mafaka ba ya cikin wannan layi sam. Shi ana ba shi wurin kwana da abinci, da Yuro 38.80 a mako, kimanin jika 25, a ƙasar da komai ke da tsada. Daga ƙarshen 2023 wurin kwanan ma ya gaza, aka ga maza suna kwana a tantuna a titunan Dablin, babban birninsu. Duk da haka akwai 'yan ƙasar da ke cewa baƙi sun cinye musu gidaje, har aka yi tarzoma a birnin a Nuwamban 2023. Abin da ya fi ba mu mamaki, sharaɗin nan na mazauni ya sha kama 'yan Ayalan ɗin kansu da suka daɗe a waje suka dawo gida, aka ce su ma sai sun kawo hujja. Don haka iyaye da ke karkara, in ɗanku ya kira daga Turai ya ce ba shi da abin aikowa, kada ku yi saurin cewa rowa ce.

Wannan ya kawo mu ga mutanen da aka fi mantawa da su a duk wannan zance, wato namu da ake korowa. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, yawancinsu mata da yara, mafi yawa daga yankin Kance na jahar Damagaram, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya. Bayan haka ne, a 2014, Nijar da Aljeriya suka shirya yadda za a riƙa dawo da 'yan Nijar cikin ayarin motoci. Har yau ana yi. Ana sauke su, a rubuta suna, a ba su ɗan abin da ya samu, a sa su motar garinsu. Ba su da hakkin ɗan gudun hijira tunda ƙasarsu ce, kuma abin da ya kore su daga gida yana nan yana jiransu. Shi ya sa za ka ga mace an dawo da ita bana, baɗi ta sake kama hanya da goyo. A titunan Tamanrasat da Aljas, su ne baƙin da ake nunawa da yatsa ana cewa sun cika gari. Kalmomin da muke ji a wayarmu a kan ɗan Sudan, su ake faɗa a kan 'yar Kance da wani harshe.

Masu kira da yawa na tambaya ko ficewar Nijar daga CEDEAO, wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ta canza wani abu. A fannin takardu, hukumomi sun fitar da sabuwar doka a watan Janairun 2025 kan shigowa da zaman baƙi, wadda ta tsaurara maganar takardar tafiya da ta izinin zama, har da nauyi a kan mai saukar da baƙo. Masu ba da haya su kula da wannan, su je su tambayi 'yan sanda abin da ake buƙata kafin su ba da ɗaki. A fannin tallafi kuwa, dokar ba ta ƙara wa ɗan gari komai ba, ba ta kuma buɗe wa baƙo wata sabuwar tukunya ba.

Akwai abubuwa biyu da ke hannunmu, tun kafin a kai ga manya. Na farko takardar haihuwa. Yaron da ba shi da ita zai sha wuya ranar jarrabawa, babba kuma ba ya samun katin ɗan ƙasa sai da ita, kuma in aka kama mutum a wata ƙasa ba kati, tabbatar da cewa shi ɗan Nijar ne ma aiki ne. Masu shirin tafiya ci-rani, ku bar kwafin takardunku a gida wurin wanda kuka yarda da shi. Na biyu, 'yan uwanmu direbobi, masu gadi, masu dafa abinci da masu fassara da ke aiki da ƙungiyoyin nan ko da 'yan kwangilarsu, ku tambayi lambarku ta CNSS, ku je ofishin asusun da kanku ku duba ko ana zuba muku. Furoje na ƙarewa, mota ta koma Yamai, amma watannin da aka zuba muku suna nan a rubuce har ranar da kuka cika shekara 60.

A shirinmu na gaba za mu buɗe layi musamman ga waɗanda suka rubuta suna a shirin sauya sana'a na masu jigila, waɗanda suka samu da waɗanda ba su samu ba. Na karkara da layin waya ke ba wuya, ku aiko da saƙon murya ta WhatsApp, da Hausa ko da Tamajak, za mu sa shi a iska.